Makewayin Kyanwa a Gidan da Kyanwoyi Suka Yi Yawa

 Abin da za mu tattauna a kansa yau, na sani da zarar na ambace shi waɗansu za su yi murmushi, waɗansu kuwa su ce Malam ya rasa abin faɗa ne, ga matsalolin duniya jibge amma ya tsallake su ya zo yana maganar inda kyanwa za ta kewaya. To, amma wanda ya taɓa tashi da asuba, ya yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa zai ta da kabbara, sai zarnin fitsarin muzuru ya daki hancinsa, shi kam ba zai yi dariya ba, domin ya san al'amarin da ya taɓa tsarkin wurin salla da lafiyar iyali ya wuce a raina shi. Saboda haka ku gyara zama, mu yi magana a kan gidan da ake kiwon kyanwa biyu ko uku ko fiye, da yadda ya kamata a tanadar musu wurin biyan bukatarsu.

A zamanin iyayenmu, lokacin da tsakar gida ƙasa ce, ga yashi a bayan ɗaki, ga juji a ƙofar gida, ga kangaye ko'ina cikin unguwa, ba wanda ya taɓa zama ya yi shawarar inda kyanwa za ta yi kashi, domin ita da kanta take haura katanga, ta nemi ƙasa mai laushi, ta tona, ta gama, ta binne, ta komo gida kamar ba ta je ko'ina ba. Wannan ɗabi'a kuwa gadonta ce, gama masana halittu sun tabbatar da cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar busasshiyar ƙasa da rairayi, wadda ta matso kusa da ɗan Adam tun sa'ad da ya fara tara hatsi ɓeraye suka biyo shi. A tsibirin Kubrus ma an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka tarar an binne mutum da kyanwa kusa da juna. Zamani ya juya, gidajen birni sun koma siminti da tayil, tsakar gida an shafe ta tas, waɗansu ma a bene suke zaune ƙofa a rufe dare da rana, amma halittar kyanwa tana nan yadda Allah Ya yi ta, har yanzu ƙasar tonawa take nema. In ta rasa, sai ta nemi abin da ya fi kama da ita, ko tulin wanki, ko katifa, ko darduma, ko buhun gero da aka bari a buɗe.

A nan ne maganar ta zama ta haƙƙi. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwa da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, malamai kuwa suka fahimta daga nan cewa duk wanda ya tsare dabba, to bukatunta sun hau wuyansa. Sanannen abu ne kuma cewa Sahabi Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya sami wannan alkunya ne saboda 'yar kyanwar da yake ɗauke da ita, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ke nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, ruwan da ta sha ta rage ana alwala da shi. Sai dai wannan hukuncin jikinta ne da sauran ruwanta; amma bawalinta da gayaɗinta, a mazhabarmu ta Malikiyya najasa ne, wajibi ne a gusar da su daga tufa da jiki da wurin salla. Ashe ke nan mai gida yana da dalili biyu na kula da wannan sha'ani, ɗaya tausayin dabbar da ya tsare, ɗaya kuma ingancin ibadarsa.

Turawa sun riga mu shiga wannan matsala, domin sun riga mu kulle kyanwa a ɗaki. Da can toka da yashi suke zuba mata a akwati, har shekarar 1947, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Edward Lowe a jihar Mishigan ya ba wata maƙwabciyarsa busasshen yumɓu mai tsotse ruwa a maimakon yashi, ta ga ya fi, ya mai da abin sana'a har ya yi arziki da shi. Daga baya, wajen shekarun 1980, aka fito da wani irin yumɓu da ake kira bentonait, wanda in fitsari ya taɓa shi sai ya dunƙule kamar curin fura, a ɗauke dunƙulen a bar sauran. Ana samun irinsa yanzu a manyan kantunan biranenmu, amma da tsada, kuma kada wanda ba shi da halin saye ya karaya, domin baho na roba da yashi mai tsabta suna biyan bukata.

To, ga tushen maganarmu ta yau. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka daɗe suna bayarwa ita ce, a ƙidaya kyanwoyin gida, a ajiye wa kowace kaskon kewayawa ɗaya, sa'an nan a ƙara ɗaya a kai. Mai kyanwa biyu ya ajiye uku, mai uku ya ajiye huɗu. Na san mai sauraro zai ce wannan almubazzaranci ne, ai mu mutane goma muna shiga makewayi ɗaya ba a yi faɗa ba. Amma kyanwa ba tunkiya ba ce da ke son garke. Asalinta mafarauciya ce mai yawo ita kaɗai, mai iyakar ƙasarta, kuma ko da ka ga uku suna cin abinci a kwano ɗaya, sau da yawa zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa. Ƙiyayyarsu ma ba kullum take fitowa da yakushi da kururuwa ba. Babbar cikinsu takan je ta miƙe a bakin hanyar kaskon kawai, tana lumshe ido tana lasar hannu, kai mai gida kana ganin hutawa take yi, alhali ƙaramar ta fahimci saƙon sarai, ta san in ta matso za a tare ta. Sai ta riƙe fitsarinta har ya fi ƙarfinta, ta zube shi a bayan kujera.

Na ga wannan da idona a gidan wata 'yar'uwata da ke kiwon kyanwoyi uku. Ta kira ni tana faɗa, ta ce, "Yaya, wannan baƙar 'yar banza ce, da gangan take yi mini a kan gado, gobe zan sa yara su kai ta kasuwa su yar." Na ce, "Hajiya, yi haƙuri tukuna, nuna mini inda suke kewayawa." Ta kai ni wani lungu bayan ɗakin girki, matsattse, hanyarsa ɗaya, da kasko ɗaya tal, ga kuma ƙaton muzurun gidan kwance a bakin lungun kamar dogari a ƙofar fada. Muka sayo baho uku, muka rarraba su, ɗaya a baranda, ɗaya a ƙarƙashin matakala, ɗaya a ɗakin ajiya, kuma kafin mako ya zagayo gadon Hajiya ya huta. Wadda aka kusa jefarwa ita ce aka zalunta tun farko.

Ku lura da kalmar rarrabawa, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. In ka jera kasko huɗu a gindin bango ɗaya, a lissafinka huɗu ne, a lissafin kyanwa kuwa wuri ɗaya ne, tunda mai tare hanya ɗaya ya isa ya hana su duka. Sai a raba su wurare dabam-dabam yadda kyanwa ɗaya ba za ta iya tsare biyu a lokaci guda ba, in gidan bene ne kowane hawa ya sami nasa. A zaɓi wurin da wadda ke ciki za ta hangi mai zuwa, kuma ta sami hanyar kuɓuta in an rutsa ta. A nisanta shi da kwanon abincinta da na ruwanta, gama ita ma tana ƙyamar ci kusa da ƙazanta. A nisanta shi kuma da janareta da injin markaɗe da duk abin da zai tashi da ƙara ba zato, domin kyanwar da aka firgita sau ɗaya tana tsugune, da wuya ta sake amincewa da wurin. Wanda zai ajiye a tsakar gida ya tuna da damina, ya sa shi ƙarƙashin rumfa inda feshin ruwa ba ya kaiwa, domin jiƙaƙƙen yashi ba ta shigarsa.

Game da girman kaskon, ma'aunin shi ne tsawonsa ya kai tsawon jikin kyanwar da rabi, daga hanci zuwa gindin wutsiya, yadda za ta shiga ta juya ta tona ba tare da ta takura ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kanti sun yi ƙanƙanta, babban bahon wanki ya fi su. Masu murfi kuwa, waɗanda aka yi su kamar ɗan ɗaki, mu ne suke wa amfani da ɓoye abin da ba mu son gani, amma suna tara wari a ciki, kuma ƙofarsu ɗaya ce, saboda haka a gidan da ake tsangwamar juna ni ban ba da shawararsu ba. 'Yan jarirai, waɗanda kan fara koyon tono tun suna da mako uku zuwa huɗu, da tsofaffin da gaɓoɓinsu suka fara ciwo, a ba su mai gajeren baki wanda za su taka su shiga ba sai sun yi tsalle ba.

Abin da za a zuba ciki, kyanwa ta fi son mai laushi kamar rairayi, marar ƙamshi. In yashi ne, a ɗebo daga wurin da dabbobi ba sa kewayawa, a tankaɗe shi, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a zuba kaurin yatsu uku, wato kimanin santimita 5. Garin katako na wurin kafintoci ma yana tsotse ruwa, muddin ba na katakon da aka shafa wa maganin gara ba ne. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne turare. Mu mutanen ƙasar nan Allah Ya sa mana son ƙamshi, matanmu kuwa ba a magana, sai ka ga an fesa turare a kaskon ko an ajiye kaskon turaren wuta a gefensa don a kashe wari. Amma hancin kyanwa ya fi namu nesa ba kusa ba, abin da muke ji daɗi-daɗi ita hawa mata kai yake yi, sai ta ƙaurace wa wurin. In za a sauya irin abin da ake zubawa, a riƙa gauraya sabo da tsoho sannu a hankali, ko kuwa a zuba kowanne a kasko dabam a bar su su zaɓa da kansu.

Wari ba shi da magani sai kwashewa. A sami tsohon ludayi mai huji ko ɗan cebur a keɓe shi don wannan aiki kaɗai, a kwashe kashi da jiƙaƙƙen wuri safe da yamma, ko aƙalla sau ɗaya kowace rana. Yashi da garin katako a zubar da su gaba ɗaya bayan 'yan kwanaki, kada su wuce mako, a wanke bahon da sabulu marar ƙamshi da tafasasshen ruwa, a kife shi a rana. Ku saurara da kyau a nan: magungunan wanke makewayi irin waɗanda in an ɗiga su cikin ruwa sai ruwan ya yi fari kamar madara, yawancinsu suna ɗauke da sinadarin fenol ko danginsa, shi kuwa guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, ga ta kuma da lasar ƙafa bayan ta taka wuri. Abin da aka kwashe a ƙulle shi a leda a kai bola, ko a binne shi da zurfi nesa da rijiya. Kada a zuba shi a lambun da ake shuka abin miya da sunan taki, kada kuma a zuba yumɓun kanti a masai na zamani, zai toshe bututu.

Dalilin da ya sa na nace a kan kwashewa kullum ya wuce maganar wari. Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, ana kiranta tokzofilasma, wadda masana biyu, Nicolle da Manceaux, suka gano a birnin Tunis a shekarar 1908, amma sai wajen 1970 aka fahimci cewa a hanjin kyanwa da danginta take cika rayuwarta, ƙwayayenta su fito tare da kashi. Kyanwa takan kamu ne ta cin ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama. Galibin mutane masu lafiya in ta shige su ba su ma sanin an yi, amma ga mace mai juna biyu da ta kamu karon farko tana cikin goyon ciki, tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri, haka kuma tana da haɗari ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. To, ga rahamar da ke ciki: ƙwayayen nan ba sa iya harbin mutum a ranar da suka fito, sai sun kwana ɗaya zuwa biyar a waje tukuna. Wanda yake kwashewa kullum ya riga su ke nan. Duk da haka, mai ciki ta bar wannan aiki ga maigida ko wani babba a gidan, in kuwa ba makawa sai ita, ta sa safar hannu ko leda, ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama. Kuma kada tsoro ya sa a kori kyanwa don amarya ta sami ciki, domin cutar tana zuwa ta naman da bai dahu sosai ba da ganyen da ba a wanke ba, ko a gidan da ba a taɓa kiwon kyanwa ba. Tulin yashin gini da ake barinsa a ƙofar gida yara suna wasa a kai, shi ma a rufe shi, gama makewayin kyanwoyin unguwa ne, kuma ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a cikinsa.

Akwai wata fa'ida ta kwashewa da hannunka wadda ba kowa ya lura da ita ba, ita ce kaskon nan shi ne wurin da rashin lafiyar kyanwa yake fara bayyana, tunda ita dabba ce mai ɓoye ciwo. In ka ga jini, ko zawo, ko fitsari ya yawaita ƙwarai tare da yawan shan ruwa, wanda kan zama alamar ciwon ƙoda ko ciwon sukari, sai a nemi likitan dabbobi. A gida mai kyanwoyi da yawa wahalar ita ce sanin mai ciwon, dabarar kuwa a keɓe wadda ake zargi a ɗaki da kaskonta kwana ɗaya ko biyu a gani. Amma akwai hali ɗaya da ba ya jiran gobe. Idan muzuru yana ta shiga kasko yana fita, yana tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fitowa sai ɗigo ko babu, yana yawan lasar gabansa, to mafitsararsa ce ta toshe, domin hanyar fitsarin namiji siririya ce, kuma wannan yana iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Mutane sukan zaci kashi ne ya ƙi fita, su ɗura masa man ja su zauna jira. A ɗauke shi a kai asibitin dabbobi a ranar. Kuma don Allah kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

Sai a bambance tsakanin fitsari da feshi. Mai fitsari tsugunawa take yi a ƙasa ta zubar da yawa. Mai feshi kuwa a tsaye yake, ya juya wa bango ko labule ko ƙafar kujera baya, ya ɗaga wutsiya tana karkarwa, ya tsarta kaɗan. Wannan sa hannu ne yake yi, yana shaida wa sauran cewa nan ƙasarsa ce. An fi ganinsa ga muzurun da ba a fiɗiye ba, da kuma gidan da cunkoso ya yi yawa ko aka kawo baƙuwa. Fiɗiya a hannun likita tana rage shi ga mafi yawansu, ƙara kasko da raba wurin cin abinci su ma suna taimakawa. Baƙuwar kyanwa kuwa, kada a jefa ta tsakiyar 'yan gida ranar da ta zo. A ba ta ɗakinta da kaskonta da kwanonta na waɗansu kwanaki, su saba da warin juna ta ƙarƙashin ƙofa kafin su haɗa ido.

Duka da tsawa da goga hancinta a cikin abin da ta yi, duk ba su koya mata komai sai tsoronka, tsoro kuwa shi ne ya kai ta bayan kujera tun da fari. Wurin da ta ɓata a wanke shi sosai da ruwa da garin sabulu har warin ya fita, domin muddin tana jin alamarsa za ta koma. In ta nace wa wuri ɗaya, a ajiye mata kasko a nan ɗin, bayan ta saba a riƙa jan sa kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so.

Jama'a, lokacinmu ya yi. Mai kyanwoyi a gida, in an kashe rediyon nan ka tashi ka ƙidaya su, ka ƙidaya kaskonsu, ka duba inda ka ajiye su da wanda ke kwance a bakin hanya. In ka ga ɗakunanka ko aljihunka ko lokacinka ba za su ɗauki hidimar biyar ba, ka nemi mutanen kirki masu bukata ka ba su uku tun suna ƙanana, ka riƙe biyun da za ka iya sauke haƙƙinsu, kada ka ɗaure su a buhu ka yar a bakin kasuwa.